Ɗalibi Mai Neman Na Kansa da Wa'adin 31 ga Maris

Da wuya ka ƙirga gida uku a jere a unguwar Kwamba da ke Suleja ba ka ci karo da matashin da ya haɗa karatu da neman na kansa ba. Wani yana Kwalejin Ilimi ta Zuba, safiya lacca, yamma kuma yana zaune a rumfar POS har bayan isha'i. Wata ta yi rajista da Jami'ar Karatu Daga Gida, tana koyarwa a firamare mai zaman kanta daga Litinin zuwa Juma'a, nata karatun sai dare ya raba. Wani yana Lapai ko Minna ko Gwagwalada, da zarar an ba da hutu ya dawo ya riƙe wa kawunsa shago a kasuwar IBB, ko ya riƙa bin motar asuba zuwa Abuja don aikin wata uku. Akwai masu ɗinki, masu gyaran waya, masu kitso da lalle, da waɗanda sana'arsu duk a cikin kwamfuta take, suna zana wa mutane tambari ko suna haɗa musu bidiyo. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci da na makaranta suka yi tashin gwauron zabi, iyaye da yawa ba sa iya ɗauke wa 'ya'yansu nauyin karatu gaba ɗaya. Yaran suka ɗauki wani kaso da kansu, kuma sun cancanci a sa musu albarka.

Su nake tunawa duk lokacin da aka tayar da zancen sababbin dokokin haraji. Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokoki 4, kuma biyu daga ciki, wadda ta fayyace abin da za a biya da wadda ta tsara yadda za a karɓa, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Kafin a kai nan, Arewa ta yi watanni tana muhawara. Gwamnoninmu sun zauna a Kaduna a watan Oktoban 2024 suka ƙi amincewa da tsarin rabon harajin VAT da aka kawo da farko, malamai suka yi huɗuba, gidajen rediyo suka cika da masu sharhi. Muhawarar tana bisa hanya, kuma ta sa an gyara tsarin rabon. Sai dai kusan dukkanta a kan abin da zai shiga asusun jihohi aka yi ta. Sashen da zai zo har ƙofar ɗakin ɗan talaka, wato wajibcin kowane mai samu ya miƙa bayanin samunsa sau ɗaya a shekara, bai sami ko rubu'in wannan kulawar ba.

Dokar haraji ba ta tambayar ko kai ɗalibi ne. Katin makaranta ba ya fitar da kai, ba ya kuma shigar da kai. Abin da take dubawa shi ne ko kana da kuɗin shiga, ta albashi ko ta sana'a ko ta kasuwanci. Ɗalibin da iyayensa ke ɗauke da shi kacokan ba ruwansa da wannan magana, kuma Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin da ya tsara dokokin, ya sha bayyana cewa wanda ba shi da samu ba ya bukatar lambar haraji. Amma da zarar ka fara karɓar ladan aikinka, nauyi biyu sun hau kanka, kuma kowanne zaman kansa yake yi. Ɗaya biyan haraji ne idan samunka ya kai a biya. Ɗayan kuma sanar da hukuma abin da ka samu ne, ko ya kai ko bai kai ba. Yawancin ɗaliban Kwamba masu aiki ba a bin su ko kwabo a kan na farko. Na biyun ne zai iya zame musu tarko, kuma a kansa nake so in tsaya.

A fara da abin da ya yi daɗi, domin akwai shi. A sabuwar doka, naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Daga nan zuwa naira miliyan 3 ana karɓar kashi 15 cikin 100 na abin da ya ɗoru kawai, daga miliyan 3 zuwa 12 kashi 18, a haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira dubu 70 a wata tun 2024, an keɓe albashinsa gaba ɗaya. Kafin ma a yi lissafin, ana cire abin da mutum ya zuba a asusun fansho da na inshorar lafiya da na gidaje, a kuma rage masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ya biya a shekara, muddin ragin bai wuce naira dubu 500 ba. Malamar nan da ke karɓar, a ce, dubu 45 a wata, albashinta na shekara dubu 540 ne. Ko da tana koyar da yaran makwabta da yamma tana samun ƙarin dubu 20 a wata, jimilla dubu 780 ke nan. Ba ta kai ba, harajinta sifili ne.

Kuma ba duk kuɗin da ya faɗo asusu ne samu ba. Abin da Baba ya turo na cefane kyauta ce. Rancen NELFUND, da kuɗin makarantar da dubu 20 ɗin da ake bayarwa duk wata, bashi ne da za a fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, bashi kuwa ba riba ba ne. Kwasar adashi kuɗinka ne suka dawo hannunka. Na faɗi wannan ne saboda jita-jitar da ta karaɗe WhatsApp a ƙarshen 2025, cewa daga Janairu banki zai riƙa yanke haraji daga duk abin da ya shigo asusu, har wasu suka fara kwashe kuɗinsu suna ajiyewa a gida. Hukumomi sun ƙaryata, kuma dokar ba ta ce haka ba. Amma tsoron ya riga ya zauna.

A cikin wannan yanayin ne wani ɗan yayata mai rumfar POS ya same ni bayan magariba, waya a hannu, rai a ɓace.

"Kawu, duba ka gani. Wata ɗaya kawai, miliyan 3 sun ratsa ta asusun nan. In kashi 15 za su cire, ai gara in rufe rumfar in huta."

Na ce, "Zauna, ɗana. Ina littafinka?"

"Wane littafi, Kawu? Ai komai yana cikin injin."

Muka ɗauko takarda. Yana karɓar naira 100 a kan kowace dubu 5, saboda haka a cikin miliyan 3 ɗin nan abin da ya zama ladansa dubu 60 ne. Muka cire kason kamfanin da ya ba shi injin, muka cire data, da takardar rasit, da kuɗin wurin da ya kafa lema, da abin da yake ba mai gidan mai ko ɗan kasuwa idan tsabar kuɗi ta yi wuya. Abin da ya rage bai wuce dubu 35 ba. A shekara dubu 420, rabin abin da doka ta yafe da ɗan ɗoriya. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, "Wallahi Kawu ni kaina ban san abin da nake samu ke nan ba." Washegari ya sayi littafi mai layi, ya raba kowane shafi gida uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya zama nasa. Wannan littafin shi ne hujjarsa ranar da wani jami'i zai kalli miliyoyin da suka ratsa asusunsa ya ɗauka nasa ne. Duk ɗalibin da ke sana'a, ko ɗinki ko gyaran waya ko sayar da turare, yana bukatar irinsa, ko da babu wata doka a duniya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Doka ta ce duk mai samu ya miƙa wa hukumar harajin jiharsa bayanin abin da ya samu a shekarar da ta gabata kafin ƙarshen 31 ga Maris, ba tare da ya jira an aiko masa da takarda ba. Abin da aka samu a 2026 ke nan, wa'adinsa 31 ga Maris 2027. Mai ɗaukar ma'aikata yana da nasa wa'adin, 31 ga Janairu, amma miƙawarsa ba ta sauke wa ma'aikaci nasa nauyin, domin ana so ma'aikaci ya haɗa har da abin da ya samu ta gefe. Wajibcin ba sabo ba ne, yana cikin tsohuwar dokar 1993 da aka yi wa gyara a 2011, sai dai ba a cika bibiyarsa ba. Abin da ya canza shi ne girman tara da kuma sauƙin gano mutum. Wanda bai miƙa ba, tararsa naira dubu 100 a watan farko, da dubu 50 a kowane watan da ya biyo baya. Wanda ya kamata ya yi rajista bai yi ba, dubu 50 a watan farko, dubu 25 a kowane wata bayansa. Lambar NIN kuma ita ce tushen lambar harajin mutum yanzu, ga shi babu ɗalibin da ya rubuta JAMB tun 2021 ba tare da ita ba. Da ita aka haɗa layin waya, da ita aka haɗa asusun banki, da ita ake neman NELFUND.

A yi lissafin a kan malamar nan tamu. Ba a bin ta ko kwabo. Amma idan ba ta san da wannan wajibci ba ta yi shekara guda ba ta miƙa ba, dubu 100 da dubu 50 sau 11 sun zama dubu 650. Albashinta na shekarar gaba ɗaya dubu 540 ne. An auna tara da mudun ɗan kwangila, an juye ta a kan malamar firamare. Wannan ba adalci ba ne, kuma ba na karɓar amsar da ake yawan bayarwa cewa ai ba za a bi irin waɗannan ba. Dokar da ke kwance ba a aiki da ita tana nan da haƙoranta, kuma ranar da matashi zai je neman takardar shaidar biyan haraji ko wani ɗan ƙaramin aiki na gwamnati, a ranar za a buɗe masa ita. Mafi muni, irin wannan gibin ne 'yan damfara da 'yan na-kama ke rayuwa a cikinsa. Da zarar mutane sun ji akwai tarar dubu 100 ba su kuma san yadda ake kauce mata ba, za a sami masu yawo da katin bogi suna karɓar dubu 5 don "a rufe magana".

Kenya ta riga mu taka wannan sawun. A can an daɗe ana neman lambar haraji daga ɗalibi kafin ya nemi rancen karatu, kuma duk mai lambar dole ya miƙa bayani kafin 30 ga Yuni, ko da bayanin cewa bai samu komai ba ne. Matasa da yawa sun karɓi lambar a shagon kwamfuta suka manta da ita, sai bayan sun gama karatu suna neman aiki suka tarar da tara ta taru a kansu. Tarar ta kasance shilin dubu 20 a da, daga baya aka rage ta zuwa dubu 2. Ingila kuwa wata hanya ta bi. Fam 12,570 na farko babu haraji, kuma yawancin masu albashi ba sa cike komai, domin abin da mai aiki ya aika ya wadatar, idan ma an cire wa mutum fiye da kima hukuma kan lissafa ta mayar masa. A Amurka, inda cike fom kafin 15 ga Afrilu ya zama al'ada, hukumar harajinsu tana da shirin 'yan sa-kai da ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta, kuma da yawan 'yan sa-kan ɗaliban akanta ne. Kowace ƙasa a cikin ukun nan ta gane cewa mai ƙaramin samu yana buƙatar a riƙe hannunsa, ko a ɗauke masa wahalar, ko a sassauta masa hukunci.

Mu kuwa muna da ƙarin dalilin taka-tsantsan, saboda tarihin da haraji ya bari a zukatan mutanenmu. Kuɗin ƙasa da jangali sun girmi zuwan Turawa, amma dokokin Lugard na 1904 da 1906 suka mayar da su ginshiƙin mulkin En'e, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Tsofaffi har yau suna ba da labarin magidancin da aka shanya a rana a ƙofar fada, da wanda ya bar gari cikin dare saboda lokacin haraji ya zo rumbu babu komai. Shi ya sa soke haraji da jangali da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a Kano da Kaduna a 1979 ya zama abin da talaka bai manta ba. Jikan wanda aka shanya a rana, idan aka ce masa ya kai kansa ofishin haraji ya rubuta sunansa da abin da yake samu, abin da zai fara zuwa ransa shi ne gudu. Hukumar da ba ta san da wannan ba za ta yi ta buga sanarwa tana mamakin shirun mutane.

Duk da haka, shawarata ga ƙannena da 'ya'yana ɗalibai ita ce su miƙa. Tsoron tara shi ne mafi ƙanƙantar dalilaina.

Ɗauki wanda ya yi aikin hutu na wata 4 a wani kamfani a Abuja, ana biyansa dubu 120 a wata. Akawun kamfanin zai lissafa kamar zai yi shekara yana karɓa, wato miliyan 1.44, ya riƙa cire masa dubu 8 duk wata a tsarin PAYE. Ya koma makaranta an cire masa dubu 32, alhali duk abin da ya samu a shekarar dubu 480 ne, ƙasa da abin da aka yafe. Dubu 32 ɗin nan haƙƙinsa ne, doka ta tanadi a mayar masa ko a ajiye masa a matsayin biyan gaba, amma babu mai sanin an zalunce shi sai ya miƙa bayani. Ga ɗalibi wannan kuɗin motar wata guda ne, ko kuɗin buga kundin kammala karatu. Haka mai zana tambari ko mai haɗa manhaja da kamfani ya cire masa kashi 5 cikin 100 kafin ya biya shi. Wannan cirewar ajiya ce da sunansa a wurin hukuma, kuma idan bai karɓi shaidarta ya kai ba, ta tafi ke nan. Wanda kuma ke yi wa mutanen ƙasashen waje aiki ta intanet ana biyansa da dala, ya sani cewa mazaunin Nijeriya ana lissafa masa samunsa ko daga ina ya fito, kuma tun da babu mai cire masa, shi zai bayyana da kansa.

Ragin haya ma haka yake, sai wanda ya nema da hujja. Matashin da ke karɓar dubu 100 a wata a wani otal, yana karatun ƙarshen mako, harajinsa na shekara dubu 60 ne. Idan yana biyan dubu 200 kuɗin ɗaki a Kwamba ya kuma nuna rasit, za a rage dubu 40 daga abin da ake lissafa masa, harajin ya sauko zuwa dubu 54. Dubu 6 ba dukiya ba ce, amma tasa ce. Matsalar ita ce hayar unguwanninmu yawanci da baki ake yin ta. A ba mai gida ko dillali kuɗi a hannu, a yi musabaha, shi ke nan. Ɗalibi ya koyi cewa, cikin ladabi, "Baba, a taimaka min da 'yar takarda," ko ya biya ta banki ya ajiye shaidar.

Sai kuma maganar gobe. Takardar shaidar biyan haraji tana duba shekara 3 da suka wuce, kuma ana tambayarta wajen neman kwangilar gwamnati, wajen takardun fili, wajen tsayawa takara. Na ga magidanta da suka kai shekara arba'in suna kasuwanci, ranar da dama ta zo aka nemi takardar, suka shiga neman wanda zai haɗa musu ta bayan fage da kuɗi mai yawa. Matashin da ya fara miƙa bayani tun yana aji biyu a jami'a, ko da sifili yake rubutawa a gurbin haraji, zai fito da tarihi mai tsabta da ba a saye da kuɗi.

Akwai wani dalilin da ya keɓanta da mu mutanen Suleja, kuma shi ya fi ci min rai. Harajin samun mutum ana biyansa ne ga jihar da yake zaune, ba inda ofishinsa yake ba, in ban da sojoji da 'yan sanda da wasu ƙalilan da nasu ke tafiya tarayya. Wanda ke kwana a Kwamba yana aiki a Wuse, harajinsa na Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Neja ne, ba na hukumar Babban Birnin Tarayya ba. Garin nan ya ba da sunansa na Abuja ga sabon babban birni bayan 1976, ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau, kuma kaso mai yawa na ƙasar da aka gina birnin a kai daga Neja aka yanka. Tun da gwamnati ta tare a Abuja a Disamban 1991, musamman bayan rushe-rushen shekarun 2003 zuwa 2007, ma'aikatan da hayar birni ta fi ƙarfinsu suke kwararowa Suleja da Madalla da Gauraka da Maje. A nan suke shan ruwa, a nan matansu ke haihuwa, a nan 'ya'yansu ke makaranta, a nan suke zubar da shara. Amma na san matasa da dama da idan suna cike takardar ɗaukar aiki sukan rubuta adireshin wani ɗan'uwa a Kubwa ko Dutse, saboda tsoron kada a ce Suleja ta yi nisa za su riƙa makara. Wani lokacin kuma akawun kamfanin ne ke tura na kowa wuri guda don ya huta. Ta haka harajin mazaunin Kwamba yake tafiya birnin da ya riga ya fi mu komai. Ɗalibin da ya fara aikinsa na farko ya rubuta adireshinsa na gaskiya, ya kuma tambayi ofishin ma'aikata ina ake tura abin da ake cire masa. Tambaya ce da doka ta ba shi ikon yi.

Na san abin da za a ce min, domin ni ma ina bin lungunan nan da damina, ina kuma sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Za a ce me aka yi da wanda aka riga aka karɓa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ɗalibin ma ba baƙo ba ne wajen biya: yana biyan VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan katin waya da data, ana cire naira 50 idan an tura dubu 10 ko fiye, mai rumfa kuma ya san masu zuwa da tikiti. Ba na cewa miƙa bayani zai gyara magudanar ruwa gobe. Abin da na gani shi ne, jihar da kusan duk kuɗinta daga rabon Abuja yake zuwa ba ta jin nauyin mutanenta kamar jihar da ta san daga aljihunsu take ci. Mutumin da sunansa ke cikin rajista, da shaidarsa a hannu, idan ya tsaya gaban kansila ko ɗan majalisa yana tambayar ina aikin unguwarsu, maganarsa tana da wani nauyi na daban. Ina so matasanmu su sami wannan nauyin tun da wuri.

Amma ba daidai ba ne a ɗora wa yaro ɗan shekara 20 dukkan ɗawainiyar, hukuma ta naɗe hannu. Dokar da kanta ta ba hukumomin haraji damar fito da sauƙaƙƙen fom ga masu ƙaramin samu da masu sana'ar hannu, kuma Neja ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta yi amfani da wannan damar. Fom ɗin ya zama shafi ɗaya, da Hausa da Nupanci da Gbagyi da Turanci mai sauƙi, wanda za a iya cikewa a ƙaramar waya cikin minti biyar: lambar NIN, unguwa, sana'a, abin da aka samu, abin da aka riga aka cire. Wanda bai kai dubu 800 ba ya sami saƙon shaida nan take, kyauta. Duk shafin intanet da aka rubuta da Turancin akantoci, wanda sai an je shagon kwamfuta an biya dubu 2 kafin a cike shi, ya zama wani harajin a kan wanda doka ta ce ba a bin sa komai. Daga Janairu zuwa Maris a kafa tebur a sakatariyar ƙaramar hukuma da kasuwar IBB da manyan makarantun jihar, a horar da ɗaliban akanta na Lapai da Bida da Zungeru su zauna a kai, a lissafa musu shi cikin horon aikin da ake tura su. A shiga rediyo, a bi ta masu unguwanni da limamai da fastoci, a faɗa wa mutane a fili cewa akwai ofishin sauraren koken masu biyan haraji da sabuwar doka ta kafa, a kuma nuna musu yadda ake kai ƙara. Kuma a fara mayar wa ƙananan mutane rarar kuɗinsu a kan lokaci. Ranar da ɗalibi ɗaya a Kwamba ya ga dubu 32 ɗinsa sun dawo asusunsa, abokansa ba za su jira talla ba.

Masu makarantu da shaguna da otal-otal da ke ɗaukar ɗalibai aiki su ma da nasu. Biyan albashi a ambulan ba tare da takarda ba yana barin yaro ba shi da abin nunawa. Mafi muni shi ne wanda zai ce ya cire haraji amma bai kai ba. Wannan cin amana ne, kuma doka ta tanadar masa hukunci mai tsanani. Takardar albashi mai layi huɗu ba ta fi ƙarfin kowace makaranta ba.

Tarar kuwa jiha ba za ta iya goge ta daga cikin doka ba, domin dokar tarayya ce, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce kaɗai za ta taɓa ta. Gyaran da ake buƙata gajere ne: wanda samunsa bai kai a biya haraji ba, kada tarar rashin miƙa bayani ta hau kansa sai an aika masa da gargaɗi ya ƙi, kuma ko ta hau kada ta wuce wani ƙaramin adadi da ba ya ninkuwa duk wata. Suleja tana cikin mazaɓar Neja ta Gabas, kuma sanatan mazaɓar, Mohammed Sani Musa, shi ya shugabanci kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa da dokokin nan suka bi ta hannunsa. Ƙungiyoyin ɗaliban Suleja da ke Minna da Lapai da Zariya da Gwagwalada su rubuta masa, su rubuta wa ɗan majalisar wakilai na Suleja da Tafa da Gurara, su sa lissafin malamar nan a shafin farko, dubu 650 a kan mai dubu 540, su nemi a gabatar da gyaran kafin wa'adin Maris mai zuwa.